Rigar iyo ta mata da gardamar da ta biyo ta har Zariya

Tun da ƙanwata ta aiko mini da rigar iyo daga Dubai bara, sau biyu kacal na shiga ruwa da ita, amma maganar da ta jawo a gidanmu har yau ba ta mutu ba. Likita ce ta ba ni shawarar in riƙa motsa jiki a cikin ruwa saboda ciwon bayan da ya addabe ni tun haihuwata ta uku, ni kuwa na ce mata sai dai a sake shawara, domin ban san kayan da matar aure za ta sa ta shiga ruwa da mutuncinta ba.

Kayan kashi uku ne: riga mai dogon hannu wadda ta sauko kusa da gwiwa, wando har idon sawu, da hula mai rufe gashi da wuya. Yadin ba shi da nauyi, ba ya shan ruwa kamar atamfa, kuma akwai 'yan igiyoyi daga ciki da ake ɗaure rigar da wandon don kada ruwa ya ɗaga ta sama. Ranar da na kwance ƙunshin, Goggona ta ɗauki wandon da yatsu biyu, ta ja shi ta ga yana miƙewa yana komawa, sannan ta dube ni ta ce, "Yanzu ke da wannan abin za ki fita gaban maza?" Na ce, "Goggo, ai ba gaban maza za ni ba." Ta ce to a wane ruwan ne babu maza?

Wata 'yar Ostireliya haifaffiyar Lebanon, Aheda Zanetti, ita ce ta ƙirƙiro wannan sutura a 2004, ta raɗa mata suna burkini, wato haɗin kalmar burƙa da bikini. Ina ganin sunan nan ya cuci rigar, domin ba ta rufe fuska kamar burƙa, ba ta kuma da wata dangantaka da tsiraicin bikini. A 2016, bayan harin da aka kai birnin Nis na Faransa ranar 14 ga Yuli, magadan gari kusan 30, ciki har da na birnin Kan, suka haramta sa ta a bakin teku. A watan Agustan shekarar aka yaɗa hotunan 'yan sanda tsaye a kan wata mata da ke zaune a kan gaɓa tana cire rigarta ta sama, kafin babbar kotun da ke duba ayyukan hukuma ta dakatar da haramcin ɗaya daga cikin garuruwan ranar 26 ga watan. Da birnin Giranobul ya yarda a sa ta a wuraren iyo na gwamnati a 2022, kotun nan dai ita ce ta ƙi amincewa. A Jamus kuwa tun 2013 wata kotun tarayya ta ce dole ɗaliba Musulma ta halarci darasin iyo, tun da tana iya sa wannan riga.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, rigar da aka ce ta cika rufe jiki a Faransa, ita ce a nan ake cewa ba ta rufe komai ba. Ban raina hujjar masu wannan magana ba: kowane yadi idan ya jiƙe yana manne wa jiki, kuma babu suturar da za ta halatta cakuɗuwar maza da mata. Ni kaina ranar da na fara gwada ta a wani otal a Kaduna, ma'aikata maza biyu suka tsaya a gefe suna kallo kamar an kawo wasan kura, minti goma ban yi ba na fito.

Sai dai duk wannan gardama a kan yadi take, alhali abin da ya fi damuna ruwan ne kansa. A cikin birnin Zariya, yaro namiji yakan saci jiki da damina ya faɗa kududdufi, a kama shi a zane shi, gobe ya koma, da haka har ya iya iyo. 'Ya mace ba ta samun ko wannan koyon na sata. Amma ita ce ke zuwa wanki bakin Kubanni ko Galma, ita ce kuma ke shiga kwale-kwale zuwa biki da goyo a baya. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta jihar Kano da ɗaliban Islamiyya masu tafiya Mauludi, a Yunin 2023 kuma mutum fiye da 100 suka rasu a jihar Kwara suna dawowa daga ɗaurin aure. Allah ya jiƙansu. Iya iyo ba ya hana ajali, amma duk wadda ta taɓa wanke babban hijabi ta san nauyinsa idan ya sha ruwa, ta kuma san yadda zane yake naɗe ƙafa. Macen da ta faɗa kogi da waɗannan kaya, ba ta kuma taɓa koyon riƙe numfashi ko kwanciya a kan ruwa ba, da wuya ta jure har mai ceto ya iso.

Saboda haka na daina jayayya da Goggo a kan wandon, na koma neman amsar tambayarta. Mu bakwai ne yanzu, yawancinmu malaman makaranta daga Samaru da Tudun Wada, muna magana da wani mai wurin iyo a kan ya ba mu hayar awa biyu ranar Asabar da safe, bisa sharaɗin ma'aikata maza su fita, kowace mace kuma ta ajiye wayarta a bakin ƙofa. Ya amince da kuɗin. Abin da ya rage shi ne mace mai koyarwa, wadda wata biyu ke nan muna cigiyarta, kuma 'yata mai shekara tara kullum sai ta tambaye ni ko an samu.