Bishara a Kujerar Jirgin Ƙasa

Bizar da ta kawo ni Ingila irin wadda ake ba limaman addini ce. Sai wata ikilisiya mai lasisi ta ɗauki nauyinka, kuma wa'adinta na farko ba ya wuce shekara uku da wata guda. Aikin da aka ɗora mini shi ne in riƙa zagaya ƙananan ikilisiyoyi a arewacin ƙasar, waɗanda ba su da ƙarfin riƙe fasto nasu na kansu. Aka zaunar da ni a Sheffield.

Makonnin farko duk a kan takardu suka tafi. Banki na neman shaidar inda kake zaune, mai gida kuma na neman asusun banki kafin ya ba ka ɗaki. Sai an binciki tarihinka kafin a bar ka ka yi aiki da yara ko tsofaffi, kuma wannan doka na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Sanyi kuwa da sauƙi, tufafi ne maganinsa. Abin da ya fi taɓa ni duhu ne, don a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Sai kuma shiru. Jirgi cike maƙil da mutane, amma ba ka jin komai sai ƙarar ƙafafunsa a kan dogo.

A wannan gari na Sheffield ne, a 1902, aka kafa ƙungiyar mishan ɗin da Bajamushen nan Karl Kumm ya jagoranta, wadda a 1904 ta koma Sudan United Mission, kuma a shekarar ce ayarinta na farko ya isa Wase. Daga aikinta ikilisiyar COCIN ta tsiro. Kakannin mutanen da nake gogayya da su a tasha su ne suka tara kuɗi suka tura 'ya'yansu, wasu zazzaɓi ya kashe su tun ba su iya harshen mutanen da suka je dominsu ba. Yau kuwa ƙidayar 2021 ta nuna kashi 46.2 cikin ɗari ne kawai a Ingila da Wales suka kira kansu Kirista, karo na farko da adadin ya gaza rabi, kashi 37.2 kuma suka ce ba su da addini. Na ga majami'un da aka mayar gidajen haya, na ga wadda ta zama mashaya. Duk da haka raina ba ya son yadda wasu 'yan'uwanmu ke magana, wai mun zo ne mu koya wa Turawa hankali. Wanda ya ci bashi ya zo biya ba ya ɗaga kafaɗa. Yawancin mutanen nan ba gaba suke yi da Yesu ba. Wasu ba a taɓa ba su labarinsa yadda ya kamata ba, wasu kuma a cikin coci aka ji musu ciwo.

Rabin rayuwata a hanya take, kuma a hanyar nake haɗuwa da waɗanda ba za su taɓa taka ƙofar majami'a ba. Idan ka miƙa wa mutum takardar bishara a nan, zai yi murmushi ya ce ya gode, bai karɓa ba, ya wuce. Amma ka tsaya riƙe da tikiti ka ce, "Don Allah, ni baƙo ne, ina zan hau jirgin Leeds?" Mutumin da ko kallonka bai yi ba ɗazu sai ya ajiye wayarsa, ya duba allo, wani ma ya raka ka har bakin jirgin. Matambayi ba ya ɓata. Tambayar ba dabara ba ce, da gaske ban san hanyar ba. Daga nan shi da kansa zai ce daga ina na zo, me ya kawo ni. Nakan faɗi gaskiya a taƙaice: ni fasto ne, aikin Yesu ya kawo ni. Wani ya koma kan wayarsa, in ƙyale shi. Wani kuwa kamar dama jira yake.

Wannan ya sa na sake karanta Yohanna sura 4 da sabon ido. Ubangiji ya gaji da tafiya, ya zauna a bakin rijiya, shi ne ya fara roƙon matar nan ta Samariya ruwan sha. Haka Filibus a Ayyukan Manzanni sura 8: tambaya ya yi wa mutumin Habasha ko yana gane abin da yake karantawa, kuma bai hau karusar mutumin ba sai da aka gayyace shi.

Wata rana a jirgin da ke ratsa duwatsu daga Sheffield zuwa Manchester na zauna daura da wani dattijo. Ya rungume wata jaka a cinya, hannun rigar sanyi ta mata, shuɗiya, ya leƙo daga bakinta. Zobe biyu ne a hannunsa, ƙaramin ya maƙale a ɗan ƙaramin yatsansa, yana ta juya shi. Shi ya nuna mini inda zan sa akwatina. Da ya ji aikina sai ya yi shiru har muka shige wani dogon rami muka fito, sannan ya ce matarsa tana cikin mawaƙan coci tun tana budurwa, shi kuwa tun ranar jana'izarta bai koma ba. Kayanta ne zai kai wa ƙanwarta. Ya yi ta ba ni labarinta, yadda take rera waƙa tana wanke-wanke, yadda gidan ya yi masa girma yanzu. Ban buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Da muka kusa tasha na ce, "Baba, ko in yi maka addu'a?" Ya waiga ya dubi mutane, ya ce, "Ba a nan ba, ɗana. In ka je gida." Ya faɗa mini sunansa da nata, na rubuta a bayan tikitina. Na yi addu'ar a daren, ina kuma yi har yau. Ƙasar da ta naɗa ministar kula da matsalar kaɗaici a 2018 tana cike da irinsa.

Ba kowace hira ke da laushi haka ba. Wani ɗalibi ya ce mini yana mamakin ɗan Afirka da ke tallan addinin 'yan mulkin mallaka. Na ce masa a abin da ya shafi zaluncin da aka yi da sunan gicciye yana da gaskiya, ba zan wanke kowa ba. Na ƙara da cewa Habasha ta karɓi bangaskiyar tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana, alhali Augustine, ɗan mishan da aka turo wa Ingilawa, bai iso garin Canterbury na Ingila ba sai 597. Bai sauya ra'ayi ba, amma mun yi musabaha da zai sauka, ya kuma ce zai bincika.

Daren Asabar, in ba ni da tafiya, nakan fita da Street Pastors, ƙungiyar da aka fara a Brixton ta Landan a 2003. Muna raba ruwa, muna ba 'yan matan da suka tuɓe takalma masu tsini silifas don kada su taka fasassun kwalabe, muna zama da wanda ya bugu har a zo a ɗauke shi. Ba ma yin wa'azi sai an tambaya, kuma ana tambaya, galibi wajen ƙarfe biyu na dare.

Inda nake shan wuya shi ne rahoton da nake aika wa waɗanda suka turo ni, don akwai gurbin da aka ce a rubuta yawan rayukan da suka tuba. Na kai kukana ga wani dattijon fasto ɗan Najeriya da ya daɗe a ƙasar. Na ce, "Baba, me zan rubuta?" Ya ce, "Ɗana, rubuta abin da ya faru. Kada ka ƙara ko mutum ɗaya." A rahoton da ya wuce na bar gurbin ba adadi. A ƙarƙashinsa na jera mutanen da suka yarda a yi musu addu'a, da abin da kowannensu ya roƙa, na ce a raba wa ƙungiyar zumuntar mata da ta matasa. Na kuma roƙi hukumar mishan, idan za su sake turo wani, su zaɓo mai haƙurin sauraro, su kuma ba shi aƙalla shekara uku.