Bututu mai rami biyu ko matoshi: abin da tiyatar ƙirji ke koyarwa

Likitan tiyata yana son huhun da zai yi wa aiki ya lanƙwashe, ɗayan kuma ya ci gaba da shan iska. Hanya biyu ce mai ba da maganin barci ke bi. Ko dai bututu mai rami biyu, irin wanda Carlens ya fito da shi a 1949, Robertshaw ya gyara a 1962, ko kuma matoshi, siririn bututu mai balan-balan a baki da ake zurawa ta cikin bututun numfashi na yau da kullum, kamar na Arndt, Cohen ko EZ-Blocker.

Darasi na farko daga halittar maƙogwaro yake fitowa. Maƙogwaro na rabuwa reshe biyu a mararraba, ɗaya zuwa kowane huhu. Reshen hagu ya kai santimita 4 zuwa 5 kafin ya rabu, a dama kuwa ƙofar sashen sama na huhu tana kusan santimita 2 daga mararraba. Bututu mai rami biyu akwai na dama akwai na hagu, gwargwadon reshen da bakinsa ke shiga. Bututun dama in ya gusa kaɗan sai ya rufe wannan ƙofar, oksijin ya faɗi. Shi ya sa na hagu ake ɗauka ko da huhun dama za a yi wa aiki, sai in reshen hagun ne ke da ciwo ko shi za a yanke.

Girman bututun ga mace galibi lamba 35 ko 37, namiji 39 ko 41. Da zarar bakin bututun ya wuce tantanin murya sai a zare wayar ƙarfen da ke ciki, a juya shi digiri 90 zuwa hagu, a tura. Ga mai tsawon santimita 170, zurfin kan tsaya wajen santimita 29 a haƙora. Shuɗin balan-balan, wanda ke bakin bututun da ke shiga reshen, ba ya son fiye da mililita 3 na iska. In ya nemi ƙari, ko bututun ya yi ƙanƙanta ko bai zauna daidai ba, kuma cika shi da ƙarfi ko barin wayar a ciki na iya yaga reshen, musamman ga mace mai ƙaramin jiki.

Amfanin bututu mai rami biyu faɗin rami: huhu na saurin lanƙwashewa, ana iya zuƙe jini da majina ta kowane ɓangare. Ga mai aman jini ko mai mugunya a huhu, irin wanda tarin fuka ya yi wa illa, babu wani dogon tunani, shi ne zaɓi, domin kada ƙazantar ta malala cikin lafiyayyen huhu.

Matoshi kuwa ranarsa ita ce ranar maƙogwaro mai wuya: bakin da ba ya buɗuwa sosai, mai huda a wuya, yaro ƙasa da shekara 8 wanda ko lamba 26 ta yi masa girma, da wanda zai wuce sashen kulawa ta musamman a kan na'urar numfashi, tunda ba sai an canza bututu bayan aiki ba. Sai dai raminsa ƙarami ne, huhu na jinkirin sauka. Ana rage jinkirin ta hanyar ba da oksijin zalla tukuna, a cire na'ura na ɗan lokaci huhu ya fitar da iska, sannan a hura balan-balan ɗin. Haɗarinsa zamewa. In likita ya ja huhu, balan-balan ya dawo tsakiyar maƙogwaro, iska ta daina shiga ko'ina, matsin na'ura ya haura nan take. A sace iskarsa tukuna, a yi bincike daga baya.

Sauraron ƙirji kaɗai yana yaudara. Siririyar kyamara ce ke nuna gaskiya: a ga mararraba sarai, gefen shuɗin balan-balan yana leƙowa kaɗan a bakin reshen hagu. A sake dubawa bayan an kwantar da majinyaci a gefensa, don a wajen juyawar ne bututu ya fi gusawa. Asibitin da ba shi da kyamarar, gara ya tsaya ga bututun hagu, matoshi ba ya sakuwa da lalube.

Yayin da huhu ɗaya ke aiki, iskar kowane numfashi mililita 4 zuwa 6 ce a kan kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawon mutum. In oksijin ya faɗi, a ƙara shi zuwa ƙarshe, a duba wurin bututu, a zuƙe majina, kafin a roƙi likitan tiyata ya dakata a hura huhun biyu.