Mutum 68 da suka tsira daga jirgin Faithful Steward

Labarin wannan jirgin ruwa yana ci mini rai. A Yulin 1785 ya tashi daga Londonderry a arewacin Ailan zuwa Filadelfiya ta ƙasar Amurka da fasinja 249, da yawansu jikokin 'yan Sikotlan masu neman gonar kansu. Daren 1 ga Satumba ya kafe a rairayi kusa da gaɓar Delaware.

Abin da ya fi tsaya mini: suna hango tudu, tazarar kamar yadi 100 kacal! Aka sare dogon turken jirgin don ya rage nauyi, amma igiyar ruwa ta yi ta dukansa har ya tarwatse. Masu iya iyo suka fita, wasu rungume da katako. Mata da yara kuwa, Allah sarki, 'yan ƙalilan ne suka kai gaɓa.