Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ranar da na hau bene da ƙafa ɗaya

Makon jiya na tsaya a inda aka sallame ni daga asibiti. Ƙafar hagu ta tafi daga gwiwa, babur ɗin da nake acaɓa da shi kuma an sayar an biya kuɗin magani. Wata bakwai na yi a zauren gidanmu a Tudun Wada, ina kallon masu wucewa, masu gaishe ni suna raguwa.

Maƙwabcinmu ne ya fara kawo min maganar, wani makaho mai sayar da carbi da turare a bakin masallaci. Bayan sallar la'asar ya laluba ya zauna kusa da ni, ya ce, "Malam, ana rubuta sunayen nakasassu don tallafin gwamnati. Ka je a sa naka." Kalmar ta soke ni. Ni ne nakasasshe yanzu? Na ce masa to, amma a raina na rantse ba inda za ni. Da daddare uwargida ta ajiye min tuwo, miyar kuka ce ba ko man shanu, ta ce, "Malam, tukunya ba ta san kunya ba." Washegari na nemi hulata.

Lokacin ba a daɗe da cire tallafin mai ba, wanda aka yi ranar 29 ga Mayu, 2023. Kuɗin Keke Napep ya yi tashin gwauron zabo, ni kuwa ba na iya hawa acaɓa, sana'ar da na ci abinci da ita shekara goma sha biyu. Sai da na ranci kuɗin mota a wajen ƙanena.

Ba zan faɗi sunan ofishin ba. Abin da zan faɗa shi ne, teburin da ake karɓar takardun guragu da makafi yana hawa na biyu. A gindin benen na tarar da wani saurayi a keken guragu, fayil a cinya, yana jiran wani ya sauko. Shan inna ce ta kama shi tun yana ɗan shekara uku, ya kuma yi karatun lauya a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Zariya. Shi ya fara faɗa min akwai doka a kanmu. Ya ce Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara hanya yadda keke zai shiga, ta kuma ware wa irinmu kashi biyar cikin ɗari na aikin gwamnati. Yana zayyano ta kamar mai tilawa. Da ya gama ya ɗaga kai ya dubi matakalar, muka yi dariya tare.

Na ce ya ba ni fayil ɗinsa. Na soke shi a cikin riga tare da nawa, na haɗa sandunan biyu a hannu ɗaya, ɗayan hannun na kama ƙarfen gefe. Tsalle ɗaya, hutu ɗaya. Robar gindin sandata ta cinye, tana zamewa a kan siminti. A tsakiya na zauna ina haki, wani masinja ya wuce ni da faranti na shayi, ya ce sannu.

Ma'aikaciyar da na samu ba ta yi min wulaƙanci ba, gaskiya ɗaya ce. Ta ba ni kujera, ta lissafa: hoto biyu, lambar NIN, takardar mai unguwa, lambar asusun banki, sai takardar likita mai tabbatar da nakasa. Duk ina da su ban da ta ƙarshe. Na ɗaga ƙafar wandon da uwargida ta naɗe min da fil, na ce, "Hajiya, ga shaida." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ni na gani. Fayil ne ba shi da ido."

Takardar likita ta ci min kwana tara. Da na kawo, sai wata ta taso: a NIN sunana Muhammad, a banki Mohammed. Ni ban taɓa lura ba, wanda ya cike min fom ɗin banki ne ya rubuta yadda ya ga dama. Kwamfuta ta ce mutum biyu ne. Aka tura ni kotu yin takardar rantsuwa, daga nan banki a unguwar PZ, na wuni a layi. Sau huɗu na hau benen nan. In ka haɗa kuɗin keke da hoto da kwafi da rantsuwa, ya kai a sayi tiyar masara da yawa, na dai daina lissafi don kada zuciya ta karaya.

A zuwa na huɗu ta rubuta sunana a wani dogon littafi, ta yago 'yar takarda mai lamba ta miƙo min. Na ce, "Yaushe za a fara?" Ta ce rubuta suna daban, biya daban, sai an tantance daga sama, in bar wayata a kunne.

Tun daga ranar, duk saƙon da ya shigo sai uwargida ta saki muciya ta zo da gudu. Yawanci kamfanin waya ne yana tallan kati. Ranar wata Laraba kuwa kira ne ya shigo, lambar da ban sani ba. Na ɗauka da "Ranka ya daɗe" a bakina, sai na ji muryar saurayin nan na gindin bene. Ya ce in shirya gobe da safe, akwai inda zai kai ni a Sabon Gari, kuma in zo da tsofaffin sifanonina na gyaran babur.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.