Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Waƙoƙin Ayi a Kullen Wuhan

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan labari. A makon jiya mun tsaya ne a inda na mayar da tikitin jirgin ƙasa na zuwa Guangzhou, saboda malamin da ke duba aikina ya ce in ƙarasa gwajin da na fara kafin in tafi hutu. Na zauna ina ta ƙunƙuni, ban san zaman na dogon zango ba ne.

Ranar Alhamis, 23 ga Janairun 2020, da ƙarfe goma na safe aka rufe birnin Wuhan na ƙasar Sin saboda annobar korona. Cikin dare aka fitar da sanarwar, yawancinmu muna barci. Motocin bas, jirgin ƙarƙashin ƙasa, jiragen ruwan da ke ƙetare kogin Yangtze, tashoshin jirgin ƙasa da filin jirgin sama, duk aka tsayar da su a lokaci ɗaya. Gari mai mutum miliyan 11, saura kwana biyu sabuwar shekarar Sinawa, ya yi tsit. Ɗalibai 'yan ƙasa tuni sun watse gidajensu. A benenmu na baƙi sai mu 'yan Afirka kaɗan da wasu 'yan Pakistan. Amurka, Japan, Faransa, Maroko da Masar suka aiko jirage suka kwashe nasu, mu muna leƙe ta taga. Shagon taliyar Musulmin nan da ke bakin ƙofar makaranta, inda nake samun naman da hankalina ya kwanta da shi, masu shi sun tafi garinsu a Qinghai tun kafin kullen. Da aka shiga Fabrairu ma sai aka hana fita daga benen gaba ɗaya. A kawo abinci a ajiye a ƙofa, a auna zafin jikinka, ka koma ka rufe ɗaki. Ga sanyin Wuhan mai danshi, wanda yake ratsa bargo ya sami ƙashi.

Duk wannan da sauƙi a kan dare. Tsakanin Kano da Wuhan awa bakwai ne. Umma ba ta samun sukunin kirana sai ta idar da Isha'i ta sallami yara, lokacin nan wajen ƙarfe uku na dare ne a wurina. Kullum tambayarta ɗaya: "Auta, gaya mini gaskiya, ciwon nan ya shigo inda kuke?" Ni kuma in gyara murya in ce, "Haba Umma, ai garin babba ne, mu muna can gefe, ko labarinsa ba ma ji." Alhali jiniyar motar asibiti ce kaɗai ƙarar da ta rage a titinmu. Idan ta kashe waya barci ya tafi ke nan, sai in zauna ina ƙirga tarin da nake ji daga ɗakin maƙwabcina.

Na gwada waƙoƙinmu na gida. Akwai kiɗan kalangun da Baba yake sakawa a mota idan za mu ƙauye da Sallah, ina da shi a waya. Ana buga gangar farko sai ga hanyar Wudil a idona, ga ƙamshin turaren Baba, ga Umma a baya tana faɗan an cika ƙara. Ban kai minti ɗaya ba na kashe. Duk wata waƙar Hausa da na taɓa, akwai fuskar wani a cikinta, kuma a lokacin ban da tabbacin zan sake ganin fuskokin.

To a nan Ayi ta shigo labarin. Haka ɗalibai suke kiran matar da ke tsaron ƙofar bene, kamar dai a ce gwaggo. Tamu ta haura hamsin, gajera ce, bakinta ba ya shiru. Kafin annoba babu wanda ya kai ta yawan abokan gaba a benen, domin ita ke kulle ƙofa da daddare, ita ke ƙwace risho na lantarki idan ta kama mutum yana girki a ɗaki. Ni ma ta taɓa tafiya da nawa da miyar kuka a kai. 'Yar wani ƙauye ce a yankin Huanggang, gabas da Wuhan. Ta karɓi aikin daren sabuwar shekara ne don ƙarin kuɗin da ake biya, da niyyar ta bi iyalinta washegari, sai hanya ta rufe da ita a cikinmu.

Wani dare bayan wayar Umma na sauko ɗibar ruwan zafi, sai na ji murya tana fitowa daga ɗan ɗakinta. Muryar mace ce, a hankali, babu ihu babu gaggawa, kayan kiɗan ma kamar suna jin kunyar taɓa ta. Na tsaya da fulas a hannu har waƙar ta ƙare, wata ta fara. Da Ayi ta hango ni ta gilashi, na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta gyara takunkuminta ta ce, "Yaro, kai ma ba ka barci?" Na ce, "Ayi, wace ce wannan mai waƙar?" Ta dube ni kamar na tambayi Bakano ina Dala take. Ta ce, "Shekara nawa kake a ƙasar nan ba ka san Deng Lijun ba?"

Ita ce wadda a waje aka fi sani da Teresa Teng. A Taiwan aka haife ta a 1953, mahaifinta soja ne daga cikin waɗanda suka ƙetara tsibirin lokacin da 'yan kwaminis suka karɓi mulki a 1949. Ta rasu a 1995 a Chiang Mai ta ƙasar Tailan, ciwon asma ya taso mata tana da shekara 42, kuma har ta bar duniya ba ta taɓa hawa dandamali ta yi waƙa a babban yankin Sin ba. Amma Ayi ba da wannan ta fara ba. Da yayanta ta fara. Ta ce tana budurwa, a farkon shekarun 1980, ya je neman kuɗi kudu ya dawo da kaset ɗaya a ɓoye cikin kaya, wanda aka kwafa daga kwafi har sautin ya dushe. A lokacin hukuma ta ce irin waɗannan waƙoƙi suna lalata tarbiyya. Su kuwa tun tasowarsu ba su san wata waƙa ba sai ta juyin juya hali, wadda ake rerawa da ƙarfi a tsaye, a yabi jam'iyya da ma'aikata da manoma. Sai ga wata tana waƙa a kan kewar mutum ɗaya tak. Ta ce sukan rufe ƙofa su shige bargo da rikoda, ita da yayan da ƙanwarsu, su rage murya yadda maƙwabci ba zai ji ba. Har karin magana aka yi a zamanin, wai da rana a saurari tsoho Deng, wato shugaba Deng Xiaoping, da dare a saurari ƙaramar Deng.

A daren na sauke manhajar NetEase ta waƙoƙi. Sinancina a lokacin na aji ne da kasuwa, kuma ga wata matsala: Mandarin yana da karin sauti huɗu da ke bambanta ma'anar kalma, amma mawaƙansu sukan bar karin su bi kiɗa, don haka ko a talabijin ɗinsu ana rubuta baitoci a ƙasan allo. Ni da nake dogara da karin don gane magana, sai ya zama a baiti guda in kama kalma biyu ko uku: wata, ruwan sama, gida, jira, dawowa. Sauran in cike da abin da ke raina. Ina ganin wannan ne ya sa na iya jurewa. Waƙar tana da baƙin ciki daidai nawa, amma babu hanyar Wudil a cikinta, babu muryar kowa nawa. Nakan yi kukana in share ido, in tashi in yi alwala.

Daga ita na gangara zuwa na baya-bayan nan, masu fiyano da jita, irin waɗanda abokan karatuna suke rerawa a gidajen karaoke ina yi musu dariya. Da yawansu duk tafiyarsu ɗaya, an rabu, ana ruwa, ana tuna baya, kuma har gobe ina cewa wasu an cika musu sukari. Sai dai a ƙarƙashin kowace waƙa a manhajar akwai wurin da masu saurare suke rubutu, kuma da tsakar dare wurin cika yake. Wannan ya ce mahaifiyarsa tana asibiti an hana shi ganinta, wancan ya ce kuɗin hayar shagonsa ya ƙare, wata ta ce daga aikin jinya ta fito ba ta iya barci. Da ƙamus nake karantawa, kalma bayan kalma. Sinancin da na koya a waɗannan darare ya fi na zangon karatu guda.

Wadda ta fi zama mini ita ce wata da Ayi ta nace sai na ji, daga faifan da Deng Lijun ta fitar a 1983, inda ta ɗauki tsofaffin waƙoƙin zamanin daulolin Tang da Song ta sa musu kiɗa. Baitocin na wani marubucin waƙa ne mai suna Su Shi, ya rubuta su a 1076 a daren bikin tsakiyar kaka, yana kewar ƙaninsa da suka yi shekara bakwai ba su haɗu ba. Shi da kansa ya rubuta cewa kwana ya yi yana shan giya kafin ya tsara su, wannan kuma tsakaninsa da Mahaliccinsa. Abin da yake faɗa shi ne haɗuwa da rabuwa ba sa ƙarewa a tsakanin mutane, yadda wata ba ya daina cika da raguwa, don haka fatansa a yi tsawon rai, ko ana nesa a riƙa kallon wata ɗaya. Ayi tana ji da mutumin nan sosai, domin a 1080 sarki ya kore shi zuwa Huangzhou, wadda take cikin Huanggang ta yau, ya yi shekaru yana noma a can. In tana maganarsa sai ka ɗauka kawunta ne.

Na san abin da wasunku suke ayyanawa, domin Yaya ya riga ku faɗa. Ya kira ni ta bidiyo wata rana ya jiyo sautin a ɗakin, ya ce, "Kai yanzu mutuwa tana zagaye ku, kiɗan Sinawa kake ji? Ina Alƙur'aninka?" Na juya wayar na nuna masa shi a buɗe a kan tebur. Ban bar karatu ba, ban bar azkar ba, hasali ma ban taɓa riƙe su kamar lokacin ba. Kuma ba fatawa nake bayarwa ba, malamai sun yi maganarsu a kan kiɗa, kowa ya san wadda yake bi. Labarin abin da ya faru da ni nake bayarwa. Idan na buɗe Alƙur'ani nakan tattaro hankalina in tsaya a gaban Ubangijina da ladabi. Amma akwai wata sa'a tsakanin wayar Umma da kiran asuba da ba ni da wannan ƙarfin, abin da nake nema kawai muryar ɗan Adam a ɗakin. Yaya ya yi shiru, ya ce, "Allah ya fitar da ku lafiya." Bai sake tayar da maganar ba.

Wajen ƙarshen Fabrairu na sauko na tarar da ɗakin Ayi a buɗe, tana zaune ba ta kunna komai ba. Yayanta ne ya rasu, mai kaset ɗin nan. A waya aka gaya mata. Dokar lokacin ita ce duk wanda cutar ta kashe a ƙone gawarsa nan take, babu taro, babu bankwana. Mu da muka saba a yi wanka, a yi sutura, a sallata, a zauna karɓar gaisuwa, na rasa ta inda zan fara. Duk Sinancin ya gudu daga kaina. Na zauna a kan matakala nesa da ita, yadda doka ta ce, na ce da Hausa, "Ayi, Allah ya ba ki haƙuri." Ta gyaɗa kai. Can ta miƙo wayarta ta taga ta ce hannunta rawa yake, in nemo mata waƙar farko ta kaset ɗin. Na nemo na kunna. Muka saurara har ƙarshe, ta ce in maimaita. Ɗan Pakistan ɗin da ke hawa na biyu ya sauko da shayi a kofin roba ya ajiye mata a bakin taga, shi ma ya sami matakala ya zauna.

Ranar 4 ga Afrilu, da ƙarfe goma na safe, ƙasar gaba ɗaya ta tsaya cik na minti uku don makokin waɗanda suka mutu, jiniya da hon ɗin motoci suna tashi ko'ina. Ranar 8 ga wata aka buɗe Wuhan bayan kwana 76, ko da yake mu ɗalibai an ci gaba da tsare mu a harabar makaranta. Ayi ta samu izinin tafiya gida. Kafin ta fita ta turo mini jerin waƙoƙi ta WeChat, sannan ta shiga ɗakin ajiya ta fito da rishona ta dangwara mini a hannu, ta ce idan na tayar da gobara babu ruwanta.

Ina murna annobar ta lafa a nan, ashe gida ta nufa. Tun 23 ga Maris Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga jiragen waje. A tsakiyar Afrilu aka sa wa Kano dokar kulle, azumi ya kama ranar 24 ga wata, sai labarai suka fara zuwa cewa dattawa suna ta rasuwa a cikin birni, masu haƙar kabari sun ce ba su taɓa ganin irin haka ba. Yanzu ni ne nake kiran Umma ina cewa ta gaya mini gaskiya, ita kuma tana cewa lafiya ƙalau, Baba ɗan zazzaɓi ne kawai da mura. Na ajiye waƙoƙin saboda alfarmar watan.

A cikin goman farko, wata rana da tsakar rana agogon Wuhan, waya ta yi ƙara, na ga sunan Yaya. Na lissafa, a Kano ko sallar asuba ba a idar ba, kuma Yaya bai taɓa kirana a wannan lokacin ba. Abin da ya gaya mini, da yadda na yi kwanakin da suka biyo baya, shi za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.