Kullun shu da zaren allura

Mutanen gidanmu sun ce na samu sabon shagali, kuma ba su yi ƙarya ba. Tun ƙarshen damina nake koyon kayan zaƙin Faransawa, na kuma ɗauko allura da zaren da rabona da su tun ina sakandare. Maigidan ya tambaye ni me ya haɗa kifi da kaska. Na ce masa obin ne ya haɗa su: kullun da nake gasawa ba a buɗe masa ƙofa sai ya gasu, ni kuwa ba na iya zama kusan rabin awa hannuna babu komai.

Da kullun shu na fara, wanda Faransawa ke rubutawa choux, domin shi ne uwar abubuwa da yawa. Da shi ake yin éclair mai tsawo da profiterole mai kamar ƙwallo. Ba a sa masa yis, ba a sa hodar tashi. Awon da nake bi shi ne ruwa mililita 250, bota giram 100, fulawa giram 150, ƙwai 4, ɗan gishiri da ɗan sukari. Ki ɗora ruwan da botar a wuta, da zarar ya tafasa ki juye fulawar gaba ɗaya, ki kama tuƙi. Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwon semo ta riga ta iya wannan matakin, hannun ɗaya ne, muciyar ma ɗaya ce. Ki ci gaba da juyawa kan wuta har kullun ya haɗe jikinsa ya saki gefen tukunya, ya bar ɗan fari-fari a gindinta. Wannan busarwar ce ke ba shi damar shan ƙwai da yawa, kuma ruwan da ke cikin kullun ne zai zama tururi a obin ya kumbura shi, cikinsa ya zama rami.

Ana yawan cewa girkin Faransawa sikeli ne kawai, babu aikin ido. Ni ban yarda ba. Sikeli dole ne, gwangwanin madara ba zai yi miki wannan awon ba, amma ƙwan ƙarshe ido ne ke yanke hukuncinsa. Ƙwan gidan gona da na kajin gida girmansu ba ɗaya ba ne, fulawa ma wata ta fi wata shan ruwa. Sai kullun ya huce kaɗan ake sa ƙwan, ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen kuma a kaɗa shi a kofi a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Idan kika ɗaga muciya kullun ya zubo a hankali ya bar tsini yana reto, ya isa, ko da saura a kofin. Ba ni da jakar matsa kullu, leda mai kauri nake yanke wa baki. Wuta kuma digiri 200 da farko, in sun tashi sun fara ja a rage zuwa 180 su bushe. Wadda ta buɗe ƙofa da wuri za ta ga sun lotsa a gabanta, kuma ba sa sake tashi.

Abin da ya fi ba ni wahala bota ce. A Faransa botar da babu gishiri ba ta kasa kashi 82 cikin 100 na mai, kuma daga nonon saniya take. Yawancin abin da muke kira bota a shaguna man girki ne daskararre. Yana yin kullun shu, ya tashi lafiya, amma ƙamshin ba ya zuwa, kuma yana barin maiƙo a dasashi. Ta gaskiyar tana da tsada, shi ya sa nake adana ta don haɗin da ake cusawa a ciki, inda harshe zai fi jin ta. Hunturu kuwa ya yi mini rana: iska a bushe, ɓawon yana daɗewa da ƙarfinsa. Da damina kafin la'asar ya yi laushi.

Cikin abubuwan da ake yi da kullun shu, wanda na fi so shi ne Paris-Brest. Wani mai gashi, Louis Durand, ya ƙirƙiro shi a 1910 a garin Maisons-Laffitte don tunawa da tseren keken da ake yi daga Paris zuwa Brest a dawo, wanda aka fara a 1891. Shi ya sa ake matsa shi zagaye, siffar tayar keke. A can 'ya'yan hazel da almon suke soyawa su haɗa da narkakken sukari su niƙa. Ni gyaɗa nake soyawa, in yi alawarta, in daka ta har ta fito da mai, in gauraya da haɗin madara da ƙwaiduwa da bota. Bafaranshe zai iya cewa wannan ba nasu ba ne. Goggona dai ta ci biyu ta sa an ƙunsa mata na uku. Sai dai haɗin madara da ƙwai ba ya jure zafi, in an ɗauke wuta firji ya huce, a cinye a ranar.

To, a zaman gadin obin ne nake ɗinkin. Na fara da ɗinkin gicciye, wanda ake yi a kan ƙyalle mai ramuka a jere, 14 a kowane inci, ana ƙirga su ana bin zanen takarda. Yana da tsafta, amma ya gundure ni. Ƙirga ce tsagwaronta, yaro ya kira ki sau ɗaya lissafin ya tafi. Na koma ɗinkin sarƙa da ɗan ƙullin nan da ake jingina wa Faransawa. Ana fito da allura, a naɗa mata zare sau biyu, a mayar da ita dab da inda ta fito, ɗayan hannun yana riƙe da zaren a ɗame har ya gama shigewa. In aka mayar ta cikin ramin farko, ƙullin ya bi ta ya ɓace a baya. Da shi nake yin tsakiyar fure a bakin ɗankwali da rigar matashin kai.

Zaren da nake amfani da shi mai sili 6 ne, ana raba shi a ɗauki 2 ko 3. Irin na kamfanin DMC ne, wanda aka kafa a Mulhouse a 1746, kodayake na kasuwa marasa suna sun fi sauƙin samu. Su kam ki jiƙa guntunsu a ruwa tukuna, musamman ja, don wani yana zuba. Da na nuna wa yayana ɗinkin sarƙar, dariya ya yi ya ɗauko babbar rigarsa mai aska takwas, aikin hannun Zariya, ya nuna mini irinsa a jiki, ƙanana, a jere, babu wanda ya fi wani. Tun ranar na rage tsawon ɗinkina da rabi, kuma ya fi kyau nesa ba kusa ba.

Doka ɗaya na kafa wa kaina: sabulu kafin allura, domin tabon bota a farin ƙyalle ba ya fita da daɗi. Kwandon zaren ma a bakin ƙofar kicin yake tsayawa.

Na gaba shi ne tarte Tatin, wanda ake gasa 'ya'yan itacen a ƙasa cikin narkakken sukari, kullu a sama, sannan a kife shi a faranti. Sunan wasu 'yan'uwa mata biyu ya ci, Stéphanie da Caroline Tatin, masu otal a Lamotte-Beuvron. Da tuffa suke yi, ni da abarba zan gwada don ta fi araha, da zarar na samu kasko mai kauri wanda hannunsa ba roba ba ne.