Daddawa, goro da maganin ciwon damuwa

A ƙasarmu ta Kabi, duk wanda aka ɗora a kan magani na dogon lokaci, tambayar farko da 'yan'uwa ke yi ita ce me aka hana shi ci. Mun saba da haka a ciwon suga da hawan jini, shi ya sa da likita ya rubuta wa yayata maganin ciwon damuwa, nan da nan matan gida suka yanke hukuncin a raba mata tukunya, a daina sa mata daddawa, a kuma nisanta ta da kilishi da busasshen kifin Yawuri. Wata ce ta karanta a waya cewa masu shan irin wannan magani ba su cin abin da aka ruɓar ko aka daɗe da adanawa.

Maganar tana da tushe, sai dai ba kowane magani ta shafa ba. Akwai wani tsohon rukuni da likitoci ke kira MAOI, wanda phenelzine da tranylcypromine ke ciki, kuma asalinsa daga wani maganin tarin fuka ne da aka lura a shekarun 1950 yana faranta ran masu shansa. Waɗannan magunguna suna hana jiki narkar da wani sinadari mai suna tayiramin, wanda ke yawaita a abincin da aka ruɓar, kamar tsohon cukun Turawa, da naman da aka adana, da kifin da ya fara lalacewa, da giyar da ba a tace ba. Idan sinadarin ya taru, jini yakan hau farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai da bugun zuciya, har abin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Daddawa kuwa, ta kalwa ce ko ta waken suya, sai an rufe ta ta ruɓa ake samunta, don haka mai shan wannan rukuni ya kamata ya tambayi likita a kanta, ya kuma ci gaba da kiyayewa har mako 2 bayan ya daina shan maganin.

To amma a yau da wuya a rubuta wa mutum wannan rukuni. Abin da aka fi bayarwa shi ne amitriptyline, ko fluoxetine, sertraline da danginsu, kuma babu ɗayansu da ya hana miyar kuka da daddawarta. Na yayata sertraline ne, wanda ma idan an sha shi bayan an ci abinci tashin zuciyar da yake sawa a makonnin farko yakan ragu. A ganina, hana mai ciwon damuwa abincin da ya saba zalunci ne ba da niyya ba, domin rashin son cin abinci yana daga cikin alamomin ciwon, kuma wadda aka ware wa kwanonta daban takan ƙara jin ta zama nauyi a gida.

Inda ya kamata a sa ido shi ne abin da ake sha da abin da ake taunawa. Goro yana ɗauke da kafeyin, haka shayi da Nescafé da lemukan ƙara kuzari da matasa ke sha. Mai fama da rashin barci da faɗuwar gaba, idan ya wuni da goro a baki sannan ya zauna teburin mai shayi bayan isha'i, zai kwana ido biyu, da safe kuma ya ɗora laifin a kan magani. Akwai ma wani maganin damuwa, fluvoxamine, da ke hana hanta fitar da kafeyin da wuri, ta yadda kofi ɗaya zai yi aikin kofuna da yawa. Ban ce wa yayata ta bar goro ba, domin na san ba za ta ji ba. Abin da na ce shi ne, "Yaya, ki ci abinki da hantsi, amma daga azahar ki rufe gwangwanin."

Giya da burukutu suna ƙara mayen barcin da amitriptyline ke sawa, suna kuma dagula shi kansa ciwon damuwar. Ruwan garehul yana iya ƙara ƙarfin wasu magungunan a jini, ko da yake ba kasafai muke shan sa a nan ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro yana kantin kemis. Tiramadol, wanda wasu ke jefawa a shayi ko lemo kafin su shiga gona ko su hau babur, idan ya haɗu da fluoxetine ko sertraline yana iya sa sinadarin sirotonin ya yi yawa a jiki, mutum ya kama rawar jiki da zufa da zazzaɓi da ruɗewa, wani lokaci har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Maganin tari mai dextromethorphan ma yana da wannan haɗari. Ibuprofen da diclofenac da asfirin kuwa, idan aka haɗa su da fluoxetine ko sertraline, suna ƙara yiwuwar zubar jini a ciki. Sai jiƙe-jiƙe da ake sayarwa a gora ranar kasuwa, wanda mai shansa bai san abin da aka zuba ba, ballantana likita ya san yadda zai yi da maganin asibiti. Mutanenmu sukan ɓoye wa likita wannan saboda kunya, alhali shi ne abin da ya fi bukatar ji.

Azumi ma yana da nasa tsari. Amitriptyline yana busar da baki, yana sa taurin bayan gida da jiri idan an miƙe da sauri, kuma a zafin Birnin Kebbi na watan Afrilu waɗannan sukan tsananta, don haka a yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur. Da yake da dare ake shan sa, azumi bai taɓa lokacinsa ba. Fluoxetine, da aka fi sha da safe saboda yana iya hana barci, a tambayi likita ko a mayar da shi sahur. Abin da bai kamata ba shi ne a ajiye maganin don watan ya kama, domin daina shi kwatsam yana kawo jiri da tashin zuciya da rashin barci, kuma ciwon yana iya dawowa idan ba a cika aƙalla wata 6 ana sha bayan samun sauƙi ba.